Daga Sokol Zuwa Novik: Jiragen Da Aka Saya Don Gudu, Yaƙi Ya Nemi Wani Abu Daban

A wani lambu da ke birnin St. Petersburg akwai wani gini na tagulla da aka buɗe a 1911, Sarki Nikolas na 2 da kansa ya halarci bikin. Sojojin ruwa biyu aka sassaƙa a can ƙasan jirgi: ɗaya ya dafe famfon da ke shigo da ruwan teku yana murɗawa, ɗayan ya buɗe taga, ruwa na ambaliya a kansu. A da har ruwan gaske ake saki yana kwarara a jikin tagullar. Labarin da aka gina abin a kansa shi ne, ranar 10 ga Maris 1904, da Japanawa suka ci ƙarfin wani ƙaramin jirgin yaƙi mai suna Steregushchi a bakin Port Arthur, tashar sojin ruwan Rasha a gaɓar Sin, lokacin yaƙin Rasha da Japan, sai mutum biyu suka kulle kansu a ƙasa, suka buɗe wa teku ƙofa, suka nutse tare da jirgin don kada ya faɗa hannun abokan gaba.

Labari ne mai tayar da tsigar jiki. Sai dai tun kafin a yaye ƙyallen, sashen tarihi na rundunar ruwan Rasha ya bi diddigi, ya duba bayanan waɗanda suka tsira, ya ce babu hujjar haka ta faru. Aka kai magana gaban Sarki, shi kuwa ya yanke cewa a ɗauki ginin a matsayin tunawa da jarumtar jirgin gaba ɗayansa. Tagulla dai an riga an narka ta, babu mai sake ta.

Ramukan harsashi ne suka nutsar da Steregushchi. Kuma a ganina waɗannan ramuka sun fi tagullar ba da labari, domin a cikinsu ake ganin yadda aka ƙera jirgin, da irin yaƙin da masu sayensa suka zaci za a yi.

Tushen maganar tofido ne. Makami ne mai siffar kifi, kansa cike da nakiya, yana da injinsa da farfelarsa. A sake shi ya tuƙa kansa a ƙarƙashin ruwa har ya je ya fasa cikin jirgi, daidai inda sulke bai kai ba. Wani injiniya ɗan Ingila, Robert Whitehead, ya haɗa shi a garin Fiume a 1866. Rashawa na cikin na farkon da suka ɗanɗana wa abokin gaba shi: a Janairun 1878, ana yaƙinsu da Turkiyya, kwale-kwale biyu na wani matashin hafsa mai suna Stepan Makarov suka nutsar da jirgin Turkawa Intibah a bakin Batum. A riƙe sunan Makarov, zai dawo.

Daga nan barci ya ƙaurace wa manyan hafsoshin ruwa na duniya. Jirgi mai sulke sai an kwashe shekaru ana zuba masa dukiya kafin a gama shi, ga shi kwale-kwalen da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba zai lallaɓo da dare ya kai shi ƙasa. Maganin da aka samo shi ne a ƙera jirgin da ya fi kwale-kwalen girma da gudu, a ɗora masa igwa ya riƙa farautarsu, a kuma ba shi nasa tofidon ko zai yi sa'ar babban nama. Kamfanin Yarrow na Ingila ya fito da Havock a 1893, aka raɗa wa wannan sabon nau'i suna distiroya, wato mai hallaka kwale-kwalen tofido. Rashawa daga baya suka kira nasu esminets. Ni a nan jiragen farauta zan ce musu.

Rasha ba ta ɓata lokaci ba, ta tafi wurin Yarrow ɗin. A 1895 aka saka Sokol ruwa a Landan. Ma'anar sunan shaho. Tsawonsa kusan mita 58, nauyinsa bai kai tan 250 ba, an yi jikinsa da ƙarfe mai haɗin nikel don a rage kauri ba tare da ya karye ba. Ranar gwaji ya zarce abin da masu teku ke kira not 30, kusan kilomita 56 a awa, kuma shi ne jirgin farauta na farko a duniya da ya haye wannan iyaka. Jaridu suka ɗauka.

To amma mene ne ranar gwaji? Rana ce da kamfani ke zaɓo kwal mafi kyau, ya kawo 'yan wutarsa ƙwararru waɗanda suka san halin kowace tukunya, a jira teku ya kwanta, cikin jirgi sumul babu gansakuka, kaya kaɗan, a yi gudu na 'yan awoyi a kan ma'aunin da aka shata. Lambar da ta fito ita ake rubutawa, ita kuma kwangila ta rataya a kanta: in jirgi ya gaza, a ci kamfani tara. Duk maƙerin da ke da hankali ya san abin yi. Zai rage kaurin jiki har ya koma 'yan milimita, ya matse rumbun kwal, ya cika tsakiyar jirgi da tukwanen tururi da injina, ya tura mutum hamsin su kwanta a ɗan abin da ya rage gaba da baya, igwa kuwa a sa mai sauƙi don kada ta ƙara nauyi. Dokin hawan sallah kenan, a yi masa ado ya yi sukuwa a gaban fada. Babu wanda ya tambaya ko zai iya tafiyar fatake.

Rasha ta ɗauki zanen Sokol ta raba wa masana'antunta, suka ƙera guda 26 irinsa. Babu ko ɗaya da ya kamo gudun na asali. Sun fi shi nauyi, aikin bai kai na Yarrow tsafta ba, yawancinsu a not 26 ko 27 suka tsaya, shi ma ranar gwaji. Guda 12 daga ciki gunduwa-gunduwa aka loda su a jiragen dakon kaya zuwa Port Arthur, tashar da Rasha ta karɓa haya daga Sin a 1898, aka harhaɗa su a can. Steregushchi ɗaya ne daga cikinsu.

Da alamun rigima da Japan suka fara bayyana, sai gaggawa ta shigo. Aka ba kamfanin Schichau na Jamus odar huɗu, Faransa biyar, Laird na Ingila ɗaya, masana'antar Nevski ta gida kuma ta shiga ƙera wasu masu nauyin tan 350. Har da wani da aka ƙwace daga Sin a Taku a 1900 aka sa masa suna Laftanar Burakov, wanda ya zamo shi ne ya fi kowa gudu a Port Arthur. Duk wanda ya taɓa riƙe motocin haya iri daban-daban ya san abin da wannan ke nufi: kayan gyaran wannan ba sa shiga wancan, makanikin da ya san ɗaya baƙo ne a ɗayan, in an fita ayari kuma dole kowa ya bi takun mafi rauni. A 1902 aka canza musu sunaye daga na tsuntsaye da kifaye zuwa siffofi irin na kirari: Mai Gadi, Mai Ban Tsoro, Mai Ƙarfi, Mara Tsoro. Sunan ne kawai ya zama iri ɗaya.

Batun igwa shi ya fi komai tsada daga baya. Jirgi irin Sokol yana da igwa ɗaya mai bakin milimita 75 a gaba, da ƙanana uku masu milimita 47. Manyan cikinsu ƙananan igwoginsu biyar ne. Na Japan kuwa, waɗanda su ma yawancinsu a Ingila aka ƙera, suna ɗauke da mai milimita 76 da masu 57, kuma ba a jima ba suka ƙara ta 76 ta biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. A takarda bambancin kamar ba shi da yawa. A ruwa kuwa, jirgin Rasha in ya juya baya yana neman gida, babbar igwarsa tana kallon inda babu kowa. Ga shi harsashin da aka ba ta na huda sulke ne, ba mai tarwatsewa sosai ba, sai ya ratsa siririn jikin jirgin Japan ya bar ɗan rami, alhali nasu yana fashewa ya watsa ƙarfe a kan mutane da bututun tururi. An tanadi makamin kai wa giwa hari, aka manta cewa da kura za a fi haɗuwa.

Daren 8 ga Fabrairu 1904, ba tare da shelar yaƙi ba, jiragen farautar Japan guda 10 suka doshi Port Arthur. Manyan jiragen Rasha na tsaye a wajen tasha, an jefa anka, fitilu a kunne. Jiragen sintirin Rasha biyu suka ci karo da baƙin a hanya, amma ba a ba su izinin harbi ba, sai suka juya don su kai rahoto. Kafin rahoton ya yi amfani ƙara ta riga ta tashi. Japanawa suka saki tofido 16, uku suka samu: Retvizan, Tsesarevich da Pallada. Dukkansu an gyara su sun koma aiki.

Wannan lissafi ya cancanci a tsaya a kansa. Abokin gaba yana tsaye cak, bai shirya ba, fitilarsa na nuna maka inda yake, amma uku cikin 16 ka samu, ba ka kuma kashe ko ɗaya ba. Tofidon wancan zamani sai an matso ƙasa da kilomita guda kafin a sa rai, in jirgin da aka nufa yana tafiya kuwa sai dai addu'a. Makamin da saboda shi aka ƙirƙiro wannan nau'in jirgi gaba ɗaya, aka sadaukar da kauri da kwal da igwa, abin da ya iya kenan a ranar da komai ya zo masa daidai.

Aikin da yaƙi ya ba jiragen farauta 25 na Port Arthur daban ne: sintiri kowane dare, share nakiyoyin da Japanawa suka dasa a bakin tasha, dasa nasu, rakiya, kai saƙo, harbin tudu don taimaka wa sojan ƙasa. Aikin jaki, ba hutu. Tukunyar tururi irin tasu kuwa tana son a kashe ta lokaci-lokaci a kankare bututunta, in ba haka ba ƙarfinta ya riƙa zubewa. Ka dubi ɗan wuta a can ƙasa: wuri matsattse, jirgi na tangaɗi, shebur a hannu, yana buɗe bakin tanderu yana watsa kwal daidai-wa-daida, zufa da toka sun rufe masa ido. In kyaftin ya nemi cikakken gudu da dare, harshen wuta ya riƙa fitowa ta bututun hayaƙi, duk mai ido a nesa ya ga inda kuke. Gudun da aka saye jirgin dominsa shi ke tona masa asiri.

Makarov ya iso Port Arthur a farkon Maris, yanzu yana Admiral, ya tarar da runduna ta yi sanyi, ya shiga tura ƙananan jiragen waje da dare. Da asubahin 10 ga wata, Reshitelni da Steregushchi suna dawowa daga leƙen asiri, jiragen Japan huɗu suka tare musu hanya. Reshitelni ya kutsa ya kai ƙarƙashin inuwar igwogin tudu. Steregushchi kuwa harsashi ya same shi a wajen tukwane, tururi ya tsere, gudu ya mutu. Jirgin da ba shi da sulke, ba shi da igwar kirki, in ya rasa gudu me ya rage masa? Suka kewaye shi suna ruwan wuta kusan awa guda. Kyaftin ɗinsa, Laftanar Sergeyev, ya mutu, hafsoshinsa duka suka mutu, cikin mutum kusan hamsin huɗu kacal suka rayu. Wani jirgin Japan mai suna Sazanami ya ɗaura masa igiya zai ja shi, igiyar ta tsinke, ruwa kuma yana ta shiga ta ramuka. Makarov ya fito da kansa a kan kuruza, wato matsakaicin jirgin yaƙi mai gudu, mai suna Novik don ya kai ɗauki, ya tarar manyan jiragen Japan sun matso, dole ya koma. Jarumtar gaskiya ce, ba ta buƙatar ƙarin gishirin famfo.

Bayan wata guda abin ya maimaita kansa, ya kuma fi muni. Daren 12 ga Afrilu, jirgin farauta Strashni ya ɓace wa 'yan'uwansa cikin duhu da ruwan sama, ya ga jerin jirage ya bi bayansu yana zaton nasu ne. Da gari ya waye ya ga tutar Japan. Harsashi ya samu tofidon da ke cikin bututunsa, makaminsa ya fashe a kansa. Kuruza Bayan ta tsamo mutum biyar. Makarov ya sake fitowa, wannan karon a kan babban jirginsa Petropavlovsk, a hanyar dawowa ya taka nakiyar da Japanawa suka dasa a daren. Cikin 'yan mintoci jirgin ya tafi da shi da mutum fiye da 600, har da shahararren mai zane Vasili Vereshchagin.

Nakiyar da ake dasawa a ruwa, wadda ba ta gudu, ba ta da kirari, ita ce ta yi ɓarnar da aka sa ran tofido zai yi. Ranar 15 ga Mayu jirgin dasa nakiya na Rasha, Amur, ya rama: manyan jiragen Japan masu sulke biyu, Hatsuse da Yashima, suka tafi a rana ɗaya, cikin shida da ƙasar ke da su. A Disamba kuruza Takasago ta bi su, kuma nakiyar da ta ci ta ana jingina dasa ta ga jirgin farauta Serditi, wanda wani laftanar mai suna Aleksandr Kolchak ke jagoranta. Ƙananan hafsoshin da suka ga wannan da idonsu ba su manta ba.

Reshitelni da ya tsira ranar Steregushchi, ƙarshensa abin dariya ne mai ciwo. A Agusta ya kai saƙo Chifu, tashar Sin wadda ba ta cikin yaƙi, ya miƙa makamansa bisa doka. Japanawa suka shigo har cikin tashar suka ƙwace shi da ƙarfi, bayan an ba hammata iska a kan jirgin, suka canza masa suna zuwa Akatsuki. A yaƙin Tsushima, babbar gwabzawar ruwa da aka yi a 1905 a mashigin da ke tsakanin Japan da Koriya, yana ɓangarensu.

Tsushima ita ce ta nuna ɗaya raunin, wato kwal. Rundunar Admiral Rozhestvenski ta baro tekun Baltik a Oktoban 1904. Tsoron tofido ya cika musu ciki har suka buɗe wa masuntan Ingila wuta a Dogger Bank suna zaton kwale-kwalen Japan ne, a tekun da ke maƙwabtaka da Ingila, saura ƙiris yaƙi ya ɓarke da Birtaniya. Manyan jiragen suka zagayo Afirka, suka sha kwal a Dakar da gaɓar Gabon. Ƙananan suka bi ta Suwez, aka haɗu a Madagaska. Jiragen farauta tara ne suka kai Tsushima, kuma wani dogon yanki na tafiyar a ɗaure suka yi shi, jiragen dakon kaya na jansu da igiya don a tsimi kwal da injina.

Ranar 27 ga Mayu 1905 ba a tura su kai wa layin Japan hari ba. Aikin da aka ba su shi ne su tsaya kusa da manyan jirage su kwashe shugabanni in abu ya ɓaci. Abu kuwa ya ɓaci. Ɗaya daga cikinsu, Buini, ya tsamo mutum kusan 200 daga babban jirgi Oslyabya da ya kife, sannan ya matsa jikin Knyaz Suvorov, jirgin Admiral ɗin, yana ci da wuta, teku na ɗaga shi yana saukewa, aka miƙo Rozhestvenski da rauni a ka. Wannan, a wurina, ya fi duk wani harin tofido da jirgin farautar Rasha ya kai a yaƙin nan wuya. Washegari injin Buini ya gaza, kwal ya ƙare, aka mayar da Admiral kan wani jirgin farautar, Bedovi. Da jiragen Japan biyu suka bayyana, hafsoshin da ke tare da shi suka ɗaga farar tuta ba tare da harbi ko ɗaya ba. Wanda ya karɓi miƙa wuyan Sazanami ne, shi dai wanda igiyarsa ta tsinke a jikin Steregushchi. A 1906 kotun soja ta wanke Rozhestvenski saboda ba ya cikin hayyacinsa a lokacin, ta yanke wa wasu hafsoshin hukuncin kisa, Sarki ya sassauta.

Sauran kowa da tasa. Gromki ya yi faɗa har ya nutse. Bezuprechni ya tafi da mutanensa duka. Bodri kwal ya ƙare masa a tsakiyar teku, ya yi kwanaki ruwa na yawo da shi har wani jirgin kasuwanci na Ingila ya ja shi zuwa Shanghai. Biyu kawai suka kai Vladivostok, Grozni da Bravi. Shi Bravi da kwal ya ƙare sai da aka ɓalle duk wani katako da ke jirgin aka cusa a tanderu, aka ɗaga wayar rediyo sama da filfilon takarda irin na yara don saƙo ya kai tudu a kawo musu ɗauki.

Tun yaƙin na farkonsa aka kafa kwamitin tara gudummawar jama'a don ƙarfafa rundunar ruwa, ƙarƙashin wani ɗan gidan sarauta, Aleksandr Mikhailovich. Da kuɗin aka ƙera jiragen farauta 18 masu nauyin tan 500 zuwa 600, zanen Jamusawa. Da yake Jamus ba ta cikin yaƙin, a takardu jiragen shaƙatawa aka kira su. Wasu aka sa musu sunayen masu bayarwa: na mutanen Mosko, na Kazan, na Turkumawan Stavropol, da Emir Bukharski, saboda maƙudan kuɗin da Sarkin Bukhara Abdul Ahad Khan ya bayar. Bukhara dai ta Imam Bukhari, wadda a lokacin take ƙarƙashin inuwar Rasha. Ko kyauta ce ko haraji ne ya sa rigar kyauta, wanda ya san zaman sarakuna a ƙarƙashin Turawa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Babu ɗayansu da ya riski yaƙin. Gudunsu wajen not 25 ne kawai, aka yi ta yi musu gorin nawa. Amma suna da jiki, suna jure teku, kuma da aka zo ɗora musu sabuwar igwa mai milimita 102 suka ɗauka ba su koka ba. Waɗannan da aka raina su suka yi ta ɗaukar nauyin Baltik bayan shekara goma.

Da ragowar kuɗin gudummawar aka ƙera Novik, aka ba shi sunan waccan kuruza ta Port Arthur. Masana'antar Putilov ta St. Petersburg ta fara shi a 1910, aka saka shi ruwa a 1911. Ya ninka Sokol nauyi sau biyar. Igwa huɗu masu milimita 102, dogayen baki, a lokacin da takwarorinsa na Jamus ke yawo da masu 88. Bututun tofido takwas. A bayansa an shimfiɗa dogo kamar na jirgin ƙasa, mai ɗaukar nakiya 50, a turo su ɗaya bayan ɗaya su faɗa ruwa. Babban sauyin kuwa a cikinsa yake: an bar kwal an koma mai, an bar injin fistin an koma tabain, wanda tururi ke juya shi kai tsaye. Shebur ya tafi, ɗan wuta ya koma mai murɗa famfo, jirgi zai iya riƙe gudunsa muddin akwai mai a tanki. Akwai kuma lissafin siyasa: rundunar Baltik da kwal ɗin Ingila ta saba, mai kuwa Rasha na da shi a Baku.

Ba wai Rashawa sun warke daga ciwon son lamba ba ne. A gwajin farko Novik ya gaza kai gudun kwangila, aka tura shi Stettin, wurin kamfanin Vulcan na Jamus da ya yi masa injina, aka canza masa tukwane. A 1913 ya yi not 37.3, kusan kilomita 69 a awa, ya zama jirgin yaƙi mafi gudu a duniya a lokacin. Bambancin shi ne wannan karon ba a sayar da igwa da ƙarfin jiki don a sayi gudun ba. Jamusawa kuwa da hannunsu suka gyara masa zuciya, saura shekara guda su gwabza.

Kwamandan Baltik a 1914, da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, shi ne Admiral Nikolai Essen, wanda ya riƙe tsohuwar Novik a farkon yaƙin Japan, Kolchak kuma yana cikin masu tsara masa ayyuka. Sun san ba za su iya karawa da rundunar Jamus gaba da gaba ba, don haka suka koma ga abin da Port Arthur ta koya musu. A dogayen dararen kaka, Novik da huɗu daga jiragen gudummawa suka riƙa lallaɓawa har gaɓar Jamus suna zuba nakiya a hanyoyin da Jamusawa suka ɗauka nasu ne. Ranar 17 ga Nuwamba 1914 kuruza mai sulke Friedrich Carl ta taka a kusa da Memel. A Disambar 1915 kuruza Bremen ta bi. Mafi muni ya zo daren 10 ga Nuwamba 1916: sababbin jiragen farautar Jamus 11 suka kutsa bakin mashigin Finlan don su kai hari, biyu suka tashi a hanyar shiga, biyar a hanyar fita. Huɗu suka koma gida, ba tare da sun ga jirgin Rasha ko ɗaya da za su yi faɗa da shi ba.

Igwar ma ta samu ranarta. Da asubahin 17 ga Agusta 1915, jiragen Jamus biyu, V99 da V100, waɗanda suka shiga mashigin Riga don farautar tsohon jirgi mai sulke Slava, suka yi kiciɓis da Novik shi kaɗai. Biyu da ɗaya, kusan irin lissafin da ya ci Steregushchi. Wannan karon mai doguwar igwa shi ya zaɓi tazarar da za a yi faɗa. V99 ya kama da wuta, ya kauce ya faɗa cikin nakiyoyi, ya ƙare a gaɓa. V100 ya sha da ƙyar. A kan 'yan'uwan Novik da ake ƙerawa lokacin, sai aka rage bututun tofido aka ƙara igwa.

A Bahar Aswad aikin ya fi kama da tare hanya. Istanbul da jiragen yaƙinta, har da babban jirgi Goeben da Jamus ta ba Turkiyya, da kwal ɗin Zonguldak suke rayuwa, kuma babu layin dogo, sai ta ruwa. Jiragen farautar Rasha suka yi ta sintiri a wannan gaɓa suna nutsar da masu dakon kwal, da manya suka ƙare aka koma kan ƙananan jiragen filafilai. Babu wanda zai yi wa wannan aiki ginin tagulla, amma ya sa Goeben ya riƙa lissafin kowace fita.

Juyin juya halin 1917 ya watsa su kamar 'ya'yan kaza. A Yunin 1918, a Novorossisk, jirgin farauta Kerch ya harba tofido ya nutsar da babban jirgi mai sulke, abin da aka ba irinsa tofido dominsa tun farko. Sai dai jirgin na Rasha ne, Svobodnaya Rossiya, an nutsar da shi ne don kada Jamus ta karɓe. Wasu suka bi rundunar Janar Wrangel, wanda ya yaƙi 'yan juyin ya sha kaye, gudun hijira zuwa Bizerte ta Tunisiya, suka yi tsatsa a can. Biyu Ingila ta kama ta ba Estoniya, ita kuma ta sayar wa Peru a 1933. Uku, Gavriil da Konstantin da Svoboda, sun fita dasa nakiya a Oktoban 1919 suka taka ta Ingilishi, nasu da ke kan dogo suka tashi tare da su. Tsoho Sokol, wanda tun 1902 ake kira Pritki, a kogin Volga ya yi yaƙinsa na ƙarshe kafin a yanka shi a sayar da ƙarfen.

Novik ya daɗe. Sabuwar gwamnati ta canza masa suna zuwa Yakov Sverdlov, aka gyara shi ya ci gaba da aiki. Ranar 28 ga Agusta 1941, ana Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar Baltik na ficewa daga Tallin zuwa Kronstadt, Jamusawa da Finawa sun riga sun cika hanyar da nakiya a daidai tsinin Juminda. Yana rakiyar kuruza Kirov ƙara ta tashi a tsakiyarsa, ya karye biyu, ya tafi da mutum fiye da ɗari. A daren nan 'yan'uwansa uku, Kalinin da Artyom da Volodarski, suka bi shi ta hanya ɗaya.

Shi ma ba a bar shi haka ba. Shekara da shekaru ana ba da labarin cewa ya hango tofidon jirgin ƙarƙashin ruwa ya nufi Kirov, sai ya sha gabansa ya karɓa da jikinsa. A 2018 masu nutso suka gano gawarsa a ƙasan mashigin Finlan, a cikin filin nakiyoyin Juminda. Babu wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus da ke wurin a wannan rana.